Ƙwallon da Ba a Tono Ba Tukuna

Ranar Talata, kafin hantsi ya dubi ludayi, kasuwar Mafara ta riga ta tumbatsa. Mutanen Morai sun iso, na Bakura da na Maradun sun sauke kaya, 'yan kamasho na ta kiran fasinjan Gusau da na Sakkwato. A layin kayan lambu ga albasa buhu-buhu, ga lemun tsami kashi-kashi, ga dabino a faranti, ga masara a kan garwashi, in kuwa bazara ce mangwaro har tattake shi ake yi. Can gefe, a inuwar rumfa, wata dattijuwa ta jera 'yan ƙoƙunanta, kowanne da abin da lokaci ya kawo: yau magarya da kanya, gobe ɗinya, aduwa ko goruba. Mai saye bai raba su ba, duk abin kai wa baka ne. Amma kaya iri biyu ne. Na dattijuwar 'yan ƙasa ne, nan kakanni suka tarar da su. Na layin lambu baƙi ne, kowanne da hanyar da ya biyo, wani a bayan raƙumi, wani a mangalar jaki, wani sai da ya ƙetare teku kafin ya hau kan ɗan dako.

Sunayensu ma sun tona musu asiri. Albasa daga Larabci take, haka alkama, har da "al" ɗin Larabawa da ya manne musu ya ƙi fita. Lemu, rumman, inabi, zaitun, duk daga bakin mai jin Larabci Bahaushe ya fara jin su. Dabino kuwa sunansa ya yi kama da wanda Barebari ke kiran sa da shi, abin da ke nuna gabas. Gwaiba da kashu sun biyo Turawan Fotugal ta bakin teku.

Akwai wani ɗan itace da ba a taɓa kasa shi a wannan layin ba, kuma Hausa ba ta raɗa masa suna ba. Larabawa na kiran sa khaukh, Turawan Ingila na ce masa fich. Girmansa kamar na lemun zaƙi matsakaici, fatarsa da gashi-gashi mai laushi, namansa da ruwa da zaƙi, a tsakiya kuma ƙwallo guda mai taurin gaske, mai kwarmi-kwarmi, kamar ƙwallon magarya da aka ninka sau da yawa. Abin da ya sa ya cancanci a yi maganarsa a nan shi ne, ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka ambaci lambu a wannan sashe namu na duniya ya ce ana samun sa a yankin Tafkin Cadi, shekara fiye da 700 da suka wuce.

Mai rubutun shi ne Ibn Sa'id, mutumin Andalus, wanda aka haifa kusa da Garnaɗa a farkon ƙarni na 13. A littafinsa na labarin ƙasa ya yi bayanin daular Kanem da babban birninta Njimi, da sarkinta wanda ya shahara da jihadi, wanda masana tarihi ke ɗauka shi ne Mai Dunama Dibalemi. Ya ce sarkin yana da wani wuri mai suna Nayy, mil 40 daga birnin, inda yake da lambuna da wurin shaƙatawa. Ya ce 'ya'yan itatuwan ƙasar ba irin na ƙasashen Larabawa ba ne, sai dai ana samun rumman da khaukh da yawa. Ya ƙara da cewa an gwada rake ya ɗan yi, amma sarki kaɗai ke kula da shi, haka ma inabi da alkama.

Wannan 'yar magana tana da nauyi. Tana nuna sarkin da ke gwada iri, wanda ke da hannun da zai sa a ɗebo ruwa a shayar da shukar da damina ba ta isar ta. Kuma ba abin mamaki ba ne a ce irin ya iso masa, domin Kanem ta wancan zamani ba a lungu take ba. Ikonta ya kai Fezzan, a kudancin Libiya ta yau. A Alƙahira akwai makarantar Ibn Rashiƙ da aka gina saboda ɗalibai da alhazan Kanem. Ibn Khaldun ya ba da labarin raƙumin dawa da aka aika wa sarkin Tunis kyauta daga wannan daula a 1257, har jama'a suka yi dafifi don kallo. Hanyar da ta kai raƙumin dawa Tunis ba za ta kasa dawowa da ƙwallon ɗan itace a cikin jaka ba.

To daga ina shi khaukh ɗin ya taso? Rumawa sun ce daga Farisa, suka sa masa suna tuffar Farisa, kuma sunan ya bi shi har cikin littattafan ilimin tsirrai na yau, har ma sunansa na Turancin Ingilishi da na Faransanci daga can suka gangaro. Filini, marubucin Rum da ya rasu a shekara ta 79, ya lissafa shi cikin baƙin itatuwa, kuma an ga zanensa a bangon wani gida a Hakuleniyam, garin da aman dutse ya binne a wannan shekarar. Amma a Indiya labarin daban ne. Malamin nan na Sin, Shuwanzang, da ya yi yawon neman ilimi a Indiya a ƙarni na 7, ya tarar mutanen wani yanki na kiran sa da sunan da ke nufin "na Sin", suna cewa 'ya'yan sarakunan Sin da aka riƙe jingina ne suka kawo shi. Ɗan itace ɗaya, yamma ta ce na Farisa ne, kudu ta ce na Sin ne.

Tun a ƙarni na 19 masanin tsirrai Alfons de Kandol ya karkata ga Sin, yana mai lura da cewa tsohon harshen Indiya da na Yahudawa ba su da sunansa, alhali littattafan Sin na dauri cike suke da shi. Hujja ce mai kyau, amma ta takarda ce. Abin da ya rufe gardamar ƙasa ce ta fitar da shi. A lardin Zhejiyang, kusa da bakin kogin Yangze, masu tonon kayan tarihi sun samu ƙwallayen khaukh a wani tsohon mazauni mai suna Kuwahukiyawo, masu shekara kusan 8,000. A 2014 Yunfei Zheng da Gary Crawford da Xugao Chen suka wallafa sakamakon awon da suka yi wa ƙwallaye daga mazaunai daban-daban na yankin. Sun ga na farko ƙanana ne, masu kusan zagaye, sannan a hankali, cikin shekara wajen 3,000, suna ƙara girma da tsawo har suka yi kama da na lambu. Wato an ga hannun manomi a jikin ƙwallo, yana zaɓen mai nama yana barin marar nama, kaka bayan kaka. Shekara guda bayan haka aka ba da rahoton wasu ƙwallaye takwas da suka zama dutse, waɗanda aikin hanya ya tono a Kunmin, masu shekara fiye da miliyan biyu da rabi. Itacen ya riga mutum zama a Sin. Farisa zango ce kawai, inda Rumawa suka karɓe shi.

Tsakanin Sin da Farisa kuwa akwai hanyar fatake ta siliki, kuma nan ma an samu shaida iri biyu. Littattafan daular Tang sun rubuta cewa a ƙarni na 7 Samarƙand ta aika wa sarkin Sin wani irin khaukh mai launin zinariya, girmansa kamar ƙwan dinya, sarki ya ba da umarni a shuka shi a lambun fada. Ka ji ɗa ya yi yawon duniya ya komo gidan ubansa a matsayin baƙo mai daraja. Sannan a Tashbulak, wani tsohon gari a kan duwatsun Uzbekistan mai tsayin mita 2,000 da ɗoriya, Robert Spengler da abokan aikinsa sun tace jujin tsakiyar garin, suka samu ƙwallayen khaukh tare da 'ya'yan inabi da tuffa da sauransu, na tsakanin shekara ta 800 da ta 1100. A irin wannan tudun sanyi mafi yawan itatuwan nan ba sa yi, don haka daga kwari aka hau da su kasuwa.

Khaukh yana da halin da ya sauƙaƙa masa tafiya. Ɗanyensa ba ya jure kwanaki, amma ana shanya shi, kuma ƙwallonsa ba ya lalacewa da wuri. Bishiyar ba ta buƙatar namiji da mace kamar dabino, kuma wanda ya binne ƙwallo yana iya cin 'ya'yansa cikin shekara uku ko huɗu. Bafatake ya ci ya yar a bakin rijiyar zango, ya dawo bayan 'yan shekaru ya tarar da inuwa.

Sai dai yana da sharaɗi guda, kuma a nan maganar Ibn Sa'id ta gamu da cikas. Bishiyar khaukh sai ta yi barcin hunturu. Mafi yawan irinta na son ɗaruruwan awoyi na sanyi ƙasa da digiri 7 kafin ta yi fure yadda ya kamata. Hunturun Tafkin Cadi, kamar na Mafara, yana sa dattijo ya rungumi murhu da asuba, amma kafin azahar an tuɓe bargo. Ga shi kuma Ibn Sa'id bai taka Kanem da ƙafarsa ba. Daga wani matafiyi mai suna Ibn Faɗima ya ɗauko labarin. Kuma baƙo in ya ga abin da bai sani ba, da sunan abin da ya sani yake kiran sa. Ibn Baɗɗuɗa, wanda shi ya zo wannan sashe namu da kansa a 1352, ya faɗi cewa tsakanin Walata da Mali ya ga 'ya'yan itatuwa masu kama da tuffa da khaukh da danginsu, amma ba su ba ne. Turawan Ingila ma da suka ga 'ya'yan tafashiya, wadda ke nan a bakin rafukanmu, khaukh ɗin Afirka suka kira ta da harshensu. Wanda ya taɓa riƙe gawasa a hannu zai gane yadda Balaraben Magrib zai laluba ya rasa sunan da zai ba ta.

Duk da haka bai kamata a yi saurin ƙaryata shi ba. Shi da kansa ya bambance: ya ce 'ya'yan itatuwansu ba irin namu ba ne, sannan ya cire rumman da khaukh daga cikin wannan hukunci, wato yana nufin su ɗin ne na gaske. Rumman kuwa ba a gardama a kansa, yana yi a ƙasar nan, kuma har yau lambunan Timiya a duwatsun Azbin na fitar da shi tare da lemu. A ganin mai wannan rubutu, abin da ya fi kusa da hankali shi ne 'yan bishiyoyi a lambun sarki, ana lallaɓa su kamar ƙwai, mai ba da labari kuma ya ƙara musu gishiri. Amma gani ne kawai. Abin da zai raba gardama ƙwallo ne, kuma wurin neman sa ya fara bayyana: a wani kufai mai suna Tiye a yankin Kanem na ƙasar Cadi, Carlos Magnavita da abokan aikinsa sun tono gini na jan bulo na wancan zamani, wanda suke ganin shi ne Njimi.

Kuskuren da Rumawa suka yi da khaukh, Bahaushe ya yi irinsa da masara, kuma bai da laifi. Sunan na cewa Masar. Gwanda ma da aka kawo ta, sai aka ce mata gwandar Masar don a raba ta da gwandar daji da aka sani, kuma haka likitan nan Dalziel ya rubuta ta a ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Alhali masara 'yar Meziko ce, can aka fara noma ta shekara wajen 9,000 da suka wuce, gwanda ma daga wannan sashen take, kuma babu ɗayansu da ta taka Afirka kafin tafiyar Kolumbus ta 1492. Sunan bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Ya riƙe abin da mai karɓa ya sani: hanyar alhazai da fataken gabas, ko kuma ɗabi'ar jingina duk wani abu baƙo mai kyau ga Masar. Amma abin da ya faɗa hannun ƙarshe ne da ya miƙo, gonar farko tana can nesa.

Takardun da suka ambaci ƙasar Hausa su ma suna da abin faɗa, ko da yake a taƙaice. Alhasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Liyo Afirkanus, a littafinsa da aka buga a Italiya a 1550, ya ce Zamfara ƙasa ce mai yawan shinkafa da gero da auduga. Duk wanda ya san fadamun Gulbin Sakkwato daga Maradun zuwa Bakura zai ce wannan kam gaskiya ne, ko da kuwa mutumin ya haɗa da kalaman raini ga mutanen ƙasar waɗanda ba su cancanci a maimaita su ba. Game da Kano ya ce akwai lemu a dazuzzukanta wanda ba wanda ya shuka, kuma ɗanɗanonsa bai yi nisa da na lambu ba. In haka ne, lemu, wanda asalinsa kudu maso gabashin Asiya ne, ya daɗe a nan har ya fita daga shinge. Tarihin Kano kuma ya ce a zamanin Sarki Abdullahi Burja, a tsakiyar ƙarni na 15, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. Wannan ita ce hanyar goro, kuma ayarin da ya bar Kano ko Katsina ya nufi yamma, ƙasar Zamfara ce a gabansa.

Bayan shekara 300 sai ga Turawa masu yawon leƙen ƙasa, waɗanda suke rubuta abin da suka gani kowace rana. Kilafaton ya ratsa Zamfara a 1824 zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a komowarsa ya biya Katsina, ya lissafa ɓaure da rumman da lemun tsami cikin 'ya'yan itatuwan birnin, ya kuma ji an ce da can akwai inabi da yawa, amma an sare shi lokacin yaƙin jihadi. Bart, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya bi ta Zurmi da Badarawa a 1853, ya ga albasa da auduga sun kama ƙasa. Jerin ya yi daidai da na Ibn Sa'id ta wata fuska: rumman ya zauna, albasa ta zama ta kowa, alkama ta samu fadama da jigo ta shiga alkaki da taliya da funkaso, inabi ya yi ta faɗuwa yana tashi. Khaukh kuwa ba ya cikin jerin Katsina. Abin da ƙasa ta karɓa ya sauka daga lambun sarki zuwa na talaka, abin da ta ƙi ya tsaya a takarda.

Akwai darasi a cikin labarin inabin Katsina. Hatsi shekara guda yake so, amma itace yana son zaman lafiya. Wanda bai tabbata zai kwana a garinsu baɗi ba, ba ya dasa dabino. Ƙasar Zamfara kuwa ta sha tashi: Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, jihadi ya biyo baya, aka kafa garuruwan ribaɗi irin su Bakura, aka yi ta yaƙi da sulhu har ƙarshen ƙarni na 19. Kowane tashi yana barin kufai, kowane kufai kuma yana da jujinsa.

Juji shi ne taskar mai binciken irin wannan tarihi. Abin da matar gida ta share daga murhu ta zubar, in ya ƙone ya zama gawayi, yana iya shekara dubu bai ruɓe ba, gara ma ba ta cin sa. Aikin ba ya buƙatar na'ura mai tsada a matakin farko. Ana ɗebo ƙasa daga kowane hawa na ramin da aka tona a tsanake, a zuba a bokitin ruwa, a motsa. Yashi ya nutse, ƙonannun iri su taso, a tace su da ƙyalle mai laushi, a shanya a inuwa. Daga nan sai madubin ƙara girma, sai kuma ɗakin gwaji inda ake auna shekarun ƙwaya guda ta hanyar sinadarin kabon. Sharaɗin shi ne kada a hautsina ƙasar, domin na ƙasa ya girmi na sama, kuma in aka cakuɗa su an yaga littafin.

An yi wannan aiki a maƙwabta, kuma abin da ya fito ba kaɗan ba ne. A Fezzan, a mazaunan mutanen da ake kira Garamanti, an samu ƙwallayen dabino da 'ya'yan inabi da na ɓaure da alkama tun kafin haihuwar Annabi Isa. A Tadmakka, tsohon birnin fatake a arewacin Mali, tonon da Sam Nixon ya yi a 2005 ya fito da alkama da dabino da auduga, abin da ya ba maganar Albakri ƙarfi, shi da ya rubuta a 1068 cewa a wani birni mai suna Audagust ana shayar da alkama da guga, kuma sarakuna da attajirai ne ke cin ta. A Birnin Lafiya, a ƙasar Dandi ta arewacin Binin, kan hanyar Gwanja, ayarin Anne Haour ya samu shinkafar Afirka da gero. Wanda ya fi ɗaukar hankali shi ne rahoton 2024 na Amanda Logan da abokan aikinta: ƙwayoyin alkama a Ile-Ife, a tsakiyar kurmin Yarabawa, na zamanin da birnin ke kan ganiyarsa, shekaru aru-aru kafin zuwan Turawa. Alkama ba ta yi a damshin Ife. Ɗauko ta aka yi, kuma arewa ce mafi kusa da za ta fito. Wato wani ya auna ta a wata kasuwa, wani ya ɗaure ta a kan jaki, ta kwana a zanguna. Ko a ƙasar Katsina, kaburburan Durɓi ta Kusheyi sun fito da tasar tagulla irin ta gabas da wuri da duwatsun ado, shaida cewa kayan nesa na isowa ƙasar Hausa tun kafin a fara rubuta labarinta sosai.

Tarihin Zamfara an rubuta shi. Bajamushe Kurt Krieger ya wallafa nasa a 1959, Garba Nadama, wanda daga baya ya zama gwamnan Jihar Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Amma tarihin sarauta ne da yaƙi da siyasa, domin su ne abin da maroƙa da takardu suka adana. Maroƙi ba ya wasa wanda ya fara dasa lemu a Bakura. Wannan bangaren na tarihi, na abin da aka ci da abin da aka shuka, yana cikin ƙasa, kuma ƙasar ba ta zauna lafiya ba.

Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato. Tafkin ya shanye kimanin hekta 8,000, aka tashi dubban mutane daga yankin Maradun, a ƙasan madatsar kuma manyan motoci suka baje gonaki don a shimfiɗa hanyoyin ruwa, suka tumɓuke itatuwan da kakanni suka bari. Rikicin diyyar gonaki da itatuwa na cikin abin da ya kai ga ranar baƙin cikin nan ta watan Afrilun 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta. Gwamnati ta ce mamatan ba su kai 30 ba, wasu masu bincike suka ƙirga 386. Ran mutum ya fi kowane kufai, ba a haɗa su. Amma manoman da suka tsaya a kan ɗorawarsu da tsamiyarsu sun san abin da injiniya bai sani ba: itace shaida ce ta wanda ya zauna a wuri da tsawon zamansa. Abin da ke ƙarƙashin tafkin ya tafi, abin da katafila ta baje ya cakuɗe.

Sauran kuma ana cin sa ta wata hanyar. A shekarun 1990 masu haƙar gumakan yumɓu suka far wa yankin Kwatarkwashi da wasu wurare, kayan suka ƙare a shagunan Turai, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa gumakan yankin Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan da ta yi gargaɗin kada a saya a shekara ta 2000. Mai neman gunki yana watsar da ƙasar da ke kewaye da shi, alhali a cikinta gawayin da zai faɗi shekarunsa yake. Yanzu ga ramukan zinariya, ga kuma rashin tsaro da ya hana manomi zuwa gonarsa, balle baƙo mai bokiti da rariya.

Duk da haka akwai abin da za a iya farawa tun yau ba tare da an tona ko taku ɗaya ba. Dattawan Morai da Jangebe da Bakura sun san inda kufai yake, sun san tsohon zango da tsohuwar rijiya, sun san gonar da garma ke fito da katanga da tsakin tama. Sun san wane lambu ne ya fi daɗewa da kuma wanda ake cewa ya kawo irin. Ɗaliban kwalejin aikin gona ta Bakura, da na kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da na jami'ar tarayya ta Gusau, suna iya zama da waɗannan dattawa su rubuta sunayen wurare da na iri kafin a rasa masu faɗa. Sarakunan Mafara da Bakura da Maradun na da ikon cewa kada a ɗebi ƙasar gini daga tudun kufai kaza. Sashen ilimin tonon kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa su ke da masu aikin, in hanya ta buɗe.

Kai kuma manomi, in garmarka ta buɗe tsohon juji ka ga toka da katanga da ƙonannun ƙwallaye, kada ka kwashe shi ka kai gona taki. Ka rufe shi, ka sa alama, ka gaya wa mai gari.